Farautar ruwan sanyi: yadda ake jan fatsa a kama salmon a Tafkin Mishigan

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a waya. An rage gaishe-gaishen farko.)

Iyayena masunta da ke layin gaba, ku yi mini afuwa. Ni da ko birgi ban iya jefawa ba, yau ga ni tsaye zan yi muku maganar su. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne, sun da zan ba ku labarinsa ba irin namu ba ne, kuma na yi bazara da dama ina binsa a Amurka, a Tafkin Mishigan. Gani ya kori ji.

Ku fara cire hoton tafki irin wanda kuka sani. Mishigan ya kai murabba'in kilomita 58,000, ya ninka Kainji fiye da sau 40, kuma wuri mafi zurfi a cikinsa ya kai mita 281. In ka tsaya a bakinsa ba ka hango ɗaya gaɓar. Ruwan daɗi ne, ba gishiri, amma in iska ta taso igiyarsa ta teku ce.

Kifin kuma baƙo ne a wurin. Asalinsa tekun Fasifik. Abin da ya faru shi ne, bayan an haƙa mashigin Welland don jiragen ruwa su kauce wa gangaren Niyagara, wasu halittu biyu suka biyo hanya suka shigo manyan tafkunan. Ɗaya lamfire, mai kama da maciji, yana manne wa babban kifi yana tsotse jininsa. Shi da yawan kamu suka kusa ƙarar da manyan kifayen tafkin. Ɗayan kuma alwaif, ɗan ƙaramin farin kifi, dangin waranginmu na Kainji amma ya fi shi girma. Da ba mai cinsa sai ya yaɗu ya cika ruwa, yana mutuwa yana taruwa a gaɓa. A 1967 sai da aka sa katafila tana kwashe mushensa a bakin ruwan Shikago saboda wari.

Shugaban sashen kifi na jihar Mishigan daga 1964 zuwa 1966, Howard Tanner, shi ya ce a kawo mai cinsa. Aka ɗauko ƙwan salmon nau'in koho daga Oregon, aka ƙyanƙyashe, aka saki 'ya'yan a Kogin Platte a watan Afrilun 1966. A 1967 aka ƙara da cinuk, wanda suke kira sarki. Da kakar 1967 kifayen suka dawo manya-manya, mutane suka ruɗe, kowa ya janyo ɗan kwale-kwalensa ya faɗa ruwa. Ranar 23 ga Satumba guguwa ta riske su, mutum bakwai suka rasu. Garin neman gira aka rasa ido. Ina fara faɗin wannan kafin maganar kaya, don duk mai jirgin da na sani a can, kafin ya duba ƙugiya sai ya duba hasashen iska.

To, mene ne jan fatsa? Mu mun saba a kafa mamari ko kalli a tafi, a dawo da safe. Ko a zauna da fatsa a jira. A can jirgi ba ya tsayawa. Yana tafiya a hankali, kilomita 3 da rabi zuwa 5 a awa, wato tafiyar mutum a ƙafa, yana jan zaruruwa a bayansa, kowanne da koton ƙarya a bakinsa. Koton yana rawa a ruwa kamar alwaif mai rauni, salmon ya biyo ya cafka. Da a saman ruwa kifin yake da na gama laccata a nan. Matsalar ita ce ba a sama yake ba.

Wanda ya taɓa ninƙaya a kududdufi mai zurfi da bazara ya san ƙirjinka na cikin ɗumi, ƙafarka na jin sanyi. Haka tafkin nan yake a watan Yuli da Agusta, hawa uku kamar bene. Sama ɗumi, wajen digiri 20 ko fiye. Can ƙasa digiri 4. A tsakani akwai siririn hawa inda ɗumin ke faɗuwa da sauri cikin 'yan mitoci. Nan alwaif ke taruwa, nan salmon ke kiwo, a ruwan da bai wuce digiri 10 zuwa 12 ba, manyan ma sukan kwanta ƙasa da haka inda ya fi sanyi. Wannan hawan yau yana mita 15, jibi yana mita 35, iska ce ke juya shi. A gaɓar gabas, wajen Ludington da Manistee, in iskar yamma ta kwana biyu tana kaɗawa, sai ta tara ruwan ɗumi a gaɓa, kifi ya nutse ko ya yi nisa. In ta juyo daga gabas, ta kore ɗumin, ruwan sanyi ya taso, sai ka kama sarki kusa da bakin tasha. Saboda haka mai jan fatsa ruwa yake farauta kafin kifi. Duk tarkacen da za ku gani a bayan jirgi, aikinsu ɗaya ne: su kai koto maras nauyi wannan hawan, su riƙe shi a can alhali jirgi na tafiya.

Uban kayan shi ne wanda Turawan ke kira downrigger, sunan da kunnena ya ji kamar "ɗan riga". [dariya] Har yau haka nake ce masa. Ku ɗauka gugar rijiya ce aka kafa a gefen jirgi: hannu na ƙarfe, kwarkwaro, da wayar ƙarfe, a bakinta dunƙulen dalma mai kilo 4 zuwa 7. A jikin dalmar akwai ɗan matsi kamar na shanya. Sai ka saki kotonka mita 5 ko 10 a bayan jirgi, ka maƙale zaren a matsin, ka saukar da dalma zuwa zurfin da kake so, akwai lamba tana ƙirga maka. Sannan ka ɗaure zaren har sandar fatsar ta lanƙwashe kamar baka. In kifi ya cafka, zaren ya fizge daga matsin, sanda ta miƙe fit, daga nan kai da kifi ne kawai, dalma tana can abinta. Hikimar kenan. Ba ka kokawa da nauyin dalma.

Amma lambar nan tana ƙarya. Tsawon wayar da ka saki take faɗa maka, ba zurfin dalma ba. Ruwa na tura dalmar baya, wayar ta karkace, ka saki mita 30 dalma tana mita 25. In ka rage gudu kuma ta sauka. Ni a haka na yi wa wani mai jirgi asara. Muna bin gefen wani tudu na ƙarƙashin ruwa, ya ba ni sitiyari ya je kwance zare, na rage wuta ban gaya masa ba, dalma ta daki ƙasa, waya ta tsinke. Dalma ta tafi, da na'urar awon sanyi da ke ɗaure a samanta. Bai ce mini komai ba. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Wannan na'urar, irin su Fish Hawk, ita ce idon mai jirgi. Tana aiko da abu biyu daga can ƙasa: sanyin ruwa da gudun koto. Za ku ce gudun koto ai gudun jirgi ne. A'a. Tafkin yana da ruwa mai gudu a ƙarƙashi, wani lokaci ya saɓa wa na sama. Kana tafiya arewa kifi na cafka, ka juyo kudu da gudu ɗaya, ka yi awa ba motsi, saboda yanzu ruwan ƙasa na bayanka, koto ya daina rawa yana lilo kamar tsumma. Tsofaffin da suka fara tun ba na'ura, karkatar waya suke kallo, su saurari kukanta. Kuma suna tuƙi a karkace, kamar tafiyar maciji. In jirgi ya karya kwana, kotunan gefen waje su ƙara gudu su taso, na ciki su rage su nutse. Ɓangaren da kifi ya cafka shi ya gaya maka abin da yake so yau, sauri ko sanyin jiki.

Bayan ɗan riga sai faifan nutso, wanda aka fi sani da Dipsy Diver. Faifai ne kamar murfin kwano, ruwa na danna shi yana nutsewa, a ƙarƙashinsa akwai nauyi da ake murɗawa daga lamba 0 zuwa 3, don ya ja gefe ya rabu da jirgi. Cafkar da ake yi a kansa ita ta fi kowacce tsanani, har sanda ta nemi barin mariƙinta. Talaka ma da shi yake farawa, don bai kai ɗan riga tsada ba.

Sai zaren da shi kansa nauyi ne. Akwai mai dalma a cikinsa, wanda launinsa ke sauyawa duk bayan kusan mita 9, kowane launi ya saukar da koto wajen mita ɗaya da rabi. Shi ya sa za ka ji suna cewa a saki launi biyar, a saki launi goma. Akwai na jan ƙarfe, ya fi nutsewa. Waɗannan ana maƙala su ne a jikin ɗan allo mai iyo, ya kai su nesa can gefe. Gaskiya ba na son kama kifi da su. Kana naɗe zare kusan mita 100 mai nauyi, hannu ya gaji, daɗin kokawar ya tafi. Amma da rana tsaka su ke cika akwati, kuma akwai dalili. Wajen ƙarshen shekarun 1980 wasu ƙananan kumba suka shigo a ruwan cikin jiragen dakon kaya, suka shimfiɗe ƙasan tafki suna tace ruwa. Ruwan ya yi garau. Kifi na ganinka mai jar koma! Yanzu yana hango jirgi ya kauce gefe, sai ya tarar da koton da aka ajiye masa a can.

Shi koton, mafi yawa cokali ne: ɗan siririn ƙarfe kamar cokalin da aka cire wa hannu, an yi masa fenti. Ko kuma farantin walƙiya mai tsawon santimita 20 yana juyi, a bayansa da kamu ɗaya da ɗan ɗori wani ɗan tuntu mai ƙyalli da ƙugiya. Farantin ba a cinsa, kira yake yi, kamar wani salmon ne ke kai hari, ɗan'uwansa ya zo ya ga abin da ya rage. Wasu su sa yankan kifi na gaske. Maganar launi kuwa, an mai da ita kamar camfi, kowane mai jirgi da launin da zai rantse a kai. Abin da na yarda da shi kaɗan ne: ja shi ke fara ɓacewa in an nutsa, kore da shuɗi su daɗe, kuma kafin fitowar rana mai haske a duhu ya fi ci. Saura kasuwanci ne. Koto mummuna a daidai zurfi ya fi kyakkyawa da ke mita 10 sama da kan kifi.

Ana fita tun kafin asuba, don cinuk ya fi ci daga ketowar alfijir zuwa hantsi. Ni a jirgi nake sallah. Doka a Mishigan sanda uku ce ga kowane mutum, don haka mutum huɗu na iya baza 12. Ana jera su ne masu zurfi a tsakiya kusa da jirgi, marasa zurfi can gefe da nisa, don in kifi ya cafki na gefe ya zamo ta saman sauran ba tare da sarƙewa ba. In aka yi kuskuren jeri, awa guda ta tafi a warwara. Kuma in sarki ya kama, ba a tsayar da jirgi, in ka tsaya duk zaruruwan su nutse su cukurkuɗe. Zai fizgi zare mita 50 ko 100 a gudu ɗaya, kwarkwaro na kuka. Kada ka ƙara masa matsi, kada ka sa yatsa. Ka bar shi ya gaji, sannan a tare shi da koma ta wajen kai. Mafi girma da aka taɓa kamawa a jihar, a Agustan 2021 ne wajen Ludington, kilo 21 da ɗori. Na san masu Argungu za su ce wannan ai jikan giwan ruwa ne. [dariya] Haka ne, amma ku riƙe shi a siririn zare ku gani.

Zuwa ƙarshen Agusta, masu shekara uku ko huɗu su yi duhu, su daina ci, su taru a bakin koguna. Su hau, su yi ƙwai, su mutu. Sau ɗaya suke yi a rayuwa. Kuma komai nasu a kan alwaif ya rataya. A Tafkin Huron alwaif ya ƙare wajen 2004, cinuk ya bi shi. Shi ya sa a 2013 aka rage sakin 'ya'yan cinuk a Tafkin Mishigan da rabi. Kifin da aka kawo don ya cinye annoba, yanzu ana lallaɓa annobar kada ta ƙare.

[Tambaya daga wani dattijo: nawa ake sayar da kilo, kuma zai yiwu a nan?]

Baba, Allah ya ƙara girma. Na biyun tukuna: ana jan fatsa wa giwan ruwa a Tafkin Nasser na Masar, don haka dabarar ba ta salmon kaɗai ba ce. Amma inda ruwa ya ci itatuwa, kamar wurare da yawa a madatsunmu, dalma da ƙugiya za su yi ta maƙalewa, ga kuɗin mai. Na farkon kuwa, ba a sayarwa. Wanda ya kama da lasin nishaɗi, laifi ne ya sayar. Biyar aka yarda ka ɗauka a rana, ka ci ko ka yi kyauta.

[Dattijon: To su wahalar me suke yi?]

[dariya] Baba, ni ma na tambayi mai jirgin nan, ranar da na jefar masa da dalma. Ya dube ni ya ce in riƙe sitiyari da kyau.