Darasi: Yadda ake duba tsohuwar kyamarar Zorki-4 kafin a sa mata sukundireba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan da kuke gani a kan tebur Zorki-4 ce, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta yi ta ƙera irinta daga 1956 zuwa 1973, shi ya sa har yau ba ta wuyar samu a hannun masu sayar da tsofaffin kaya. Fim mai faɗin milimita 35 take ci, kuma babu batir a jikinta ko ɗaya.

To, ku riƙe wannan tun kafin mu je ko'ina: kada ku juya abin saita saurin ɗauka sai kun fara ɗana kyamarar, wato kun murɗa abin jan fim har ya tsaya cak. In kuka juya shi ba a ɗane ba, ƙarafunan ciki na iya cijewa ko su lanƙwashe.

Yanzu na cire murfin baya. Kun ga wannan baƙin yadin? Labulen ke nan, guda biyu ne, su ke buɗe wa haske hanya. Ni a wurina nan ne ciniki yake, ba ƙyallin jiki ba. Ku kwance gilashin gaba, ku shiga ɗaki mai duhu, ku haska tocila ta gaba kuna kallo ta baya. Ku duba kafin ɗanawa, ku sake dubawa bayan kun ɗana, don kowane labule da lokacin fitowarsa. In kun ga haske na tsiyayowa kamar ta rariya, yadin ya mutu. Huda ɗaya ƙarama, galibi rana ce ta ƙona ta cikin gilashin da aka bari ba murfi, ana iya like ta da baƙin fentin yadi. In sun yi yawa, sai canji.

Sai sauti. Ku ɗana, ku sa saurin ɗauka a daƙiƙa 1, ku danna, ku kasa kunne. In ƙarar tana ja tana tsayawa, tsohon mai ne ya daskare. Wanki take so, ba ƙarin mai ba.

Ma'aunin nisa kuma, wato abin da ke nuna ko hoto zai fita tar, ku mayar da gilashin, ku murɗa shi zuwa ƙarshen nisa, ku leƙa wani abu can nesa, kamar hasumiyar masallaci. Hotuna biyun da za ku gani a tsakiyar tagar leƙawa dole su hau kan juna. In sun rabu gefe da gefe, akwai ɗan sukurun saiti a ɓoye ta gaba. Kaɗan-kaɗan ake taɓa shi, a leƙa, a sake taɓawa.

Gilashin nan Jupiter-8 ne, milimita 50, an kwaikwayo shi daga Sonnar na kamfanin Zeiss na Jamus. Ku haska shi da tocila. Ƙura ba komai ba ce. Amma in kun ga zare-zare farare sun yi rassa a ciki, fumfuna ce, kuma in ta daɗe takan ci fuskar gilashin, goge-goge ba ya fitar da tabon. Ku duba ganyayyakin ƙofar haske ma, wato siraran ƙarafunan cikin gilashin masu rage haske, kada a ce mai ya malalo musu.

Wani zai tambaya, tunda zaren murɗinsa milimita 39 ne irin na tsohuwar kyamarar Leica ta Jamus, zai hau kanta? Zai hau, amma saitin nisansu ya ɗan bambanta, don haka hoton kusa na iya fita dishi-dishi in an buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya.

A darasi na gaba za mu kwance wannan gilashin mu canza masa giris, in Allah ya kai mu.