Laccar da aka yi a Aboabo, Kumasi, kan daɓen hanya da keken guragu

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, ƴan uwa maza da mata, sannunku da zuwa, na baya ina fata kuna jina ko?

To Ghana muna da doka, Act 715 ta shekarar 2006, dokar masu buƙata ta musamman, ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 10 su gyara yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika tun 2016. A 2012 kuma ƙasar nan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya akan haƙƙinsu. Takarda dai akwai ta. Amma ni yau maganar ƙasa zanyi, ƙasar da taya ke takawa kafin mutum ya kai bakin ginin ma.

Ku kalli keken da kyau, tayoyin baya manya ne, na gaba kuwa ƴan ƙanana ne, sune ke fara cin karo da komai. Bulo ɗaya ya ɗago da santimita 2, kai mai ƙafa baka ma san ka wuce shi ba, shi kuwa tayar gaba ta cije, keke ya tsaya cak mutum ya tafi gaba, wani sai dai a ɗago shi daga ƙasa. Shi yasa a ƙa'idar Amurka rata a daɓe bata wuce milimita 13, tudun da ba'a sassabe bakinsa ba kuma milimita 6 ne iyakarsa. Milimita fa nace jama'a.

Bulon daɓe ɗinnan da ake shimfiɗawa a Adum, tsakiyar garin Kumasi, da gaban shaguna, wanda wasu ke cewa intalok, ba shine mai laifi ba, in an dandaƙe ƙasan sosai an zuba yashi daidai an matse shi an ɗaure gefe da kankare, lafiya lau keke ke bi. Matsalar sai an zo an tona za'a sa bututun ruwa ko waya, sai a maida bulon da ka kawai babu dandaƙa, damina ɗaya ruwa ya cinye yashin ƙasa, wannan ya nutse wancan ya miƙe, hanya ta koma kamar haƙoran tsoho. Kuma ko bai kada mutum ba akwai jijjiga, duk gaɓar bulo taya sai ta buga, bugun nan yana hawa ƙashin baya, wanda ya samu rauni a laka ku tambaye shi yadda yake kwana in ya wuni akan irin hanyar nan. Jar ƙasar lungunanmu kuwa da rani yashi da ƙura, da damina taɓo, ba sai na daɗe a nan ba.

Sai gwata. Wallahi nan ne namu laifin yake, don gaban shago da gaban masallaci mu ke yi ba gwamnati ba. Kowa ya zuba silab ɗinsa akan gwata yadda yaga dama, na Alhaji yafi na maƙwabcinsa tsawo, na gaba babu murfi sam sai katako biyu, wani kuma ya manna tayil mai santsi don kwalliya, ruwan alwala ya zuba akai. Mai keke dole ya sauka titi yana goga kafaɗa da pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, da motocin haya trotro.

Wasu sun yi gangara, Allah ya saka da alheri, amma irin wadda sai ƙarti biyu sun tura. Lissafin 1 cikin 12 ne, wato in dakalinka santimita 30 ne tsayinsa gangarar ta kai mita 3.6. Karkatar da ake yi wa daɓe don ruwa ya gangara gwata kar ta wuce santimita 2 a kowace mita, in ta wuce keke sai ya dinga janyewa gefe, hannu ɗaya ke shan wahala har kafaɗa ta lalace. Faɗin hanya a bar aƙalla santimita 90 babu tebur babu janareto.

Kwamitin masallaci, in zaku kira birkila ku kira mai keke ɗaya cikin jama'arku ya hau wurin kafin a biya kuɗin aiki, siminti ne a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye don kar yayi santsi. Hajiya naga hannunki tun ɗazu, a miƙa mata abin magana.