Amsoshin Tambayoyinku: Me ke sa ruwan tafki ya yi kore da bazara?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Gombe. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan ruwa suke, shi ya sa muka gayyato wani malamin jami'a mai nazarin halittun ruwa. Malam, wani ɗalibi daga Bajoga yana tambaya ko kainuwa da gansakuka abu ɗaya ne.

Malam: A'a, kainuwa tsiro ce mai ganye da saiwa, gansakuka kuwa tarin ƙananan halittu ce marasa ganye, marasa saiwa.

Mai gabatarwa: To ɗalibi, ka ji, sai a ƙara riƙe littafi. Ga wadda ta fi shafar jama'a, domin ta zo daga wani masunci a Dadin Kowa, kuma an aiko irinta daga Balanga da gefen tafkin Maladumba a Misau. Ya ce da damina ruwansu ja yake, da kaka ya washe, amma da zarar bazara ta kama sai ya yi kore shar, wani lokacin har a wayi gari kifaye sun mutu. Yana tambaya ko wani ne ke zuba musu magani.

Malam: Kafin a zargi kowa, ya kamata a san cewa cikin kowane ɗigon ruwan tafki akwai 'yan tsirrai da ido ba ya gani sai da na'urar hangen ƙananan halittu. Turawa suna ce musu faitofilankton. Suna yawo cikin ruwa, suna yin abincinsu da hasken rana kamar gero a gona, kuma su ne abincin karfasa da ƙananan ƙwarin ruwa da 'ya'yan kifi ke ci. Iri-iri ne, kuma kowane iri da lokacinsa. Da damina, kogin Gongola da rafuka suna kwaso laka da sauran takin gonaki. Abinci ya zo ke nan, amma lakar ta tare hasken rana, sabon ruwa kuma yana kwashe su ya yi gaba, don haka ba su cika yawa ba. Idan ruwan sama ya ɗauke, laka ta kwanta, haske ya shiga, sai koraye daga cikinsu su samu sarari. Da hunturu iska tana kaɗa ruwan da ba shi da zurfi tun daga sama har ƙasa, sai wani iri mai kwanson gilashi, wanda ake kira dayatom, ya fi yawa, domin yana da nauyi, sai ana motsa ruwa yake iya zama inda haske yake.

Mai gabatarwa: Malam, bazarar ita ce damuwarsa.

Malam: Ina zuwa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana ƙaruwa, ruwa yana ja da baya, takin da ke cikinsa yana daɗa kauri, iska kuma takan kwanta. Wannan shi ne lokacin irin da ake kira sayanobakteriya, masu kore da surkin shuɗi. Suna da 'yan jakunkunan iska a jikinsu da ke taso da su saman ruwa, su shimfiɗu kamar fenti, su hana na ƙasa haske. Ba dukansu ne miyagu ba, domin a ƙasar Chadi matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani iri, sifirulina, a tafkunan kanwa, su shanya shi a rairayi, su yi miya da shi, suna kiransa dihe. A yau ma ana sayar da shi a Turai da tsada.

Mai gabatarwa: Malam ya kai mu Chadi, mu dawo Dadin Kowa. Kifin fa?

Malam: Da rana waɗannan halittu suna sakin iskar oksijin, amma da dare su ma shaƙarta suke yi, waɗanda suka mutu kuma suna ruɓewa suna cinye sauran. Ruwan ɗumi da ma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Saboda haka wajen asuba iskar takan ƙare a lunguna da gefunan da ba su da zurfi. Kifaye irin su karfasa sukan galabaita, tarwaɗa kuwa takan tsira domin tana iya leƙowa ta shaƙi iskar waje.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda masunta. Ja da damina laka ce, kore mai sauƙi abincin kifi ne, amma kore mai kauri da wari a bazara, tare da kifi yana haki a saman ruwa da asuba, alamar ƙarewar iska ce. Ni kuma zan ƙara nawa. 'Yan'uwana masu noman rani, da ke wanke buhunan taki da tankin feshi a bakin ruwa, don Allah a daina, domin a cikin ruwan nan maƙwabcinka yake neman abincin iyalinsa. Sai wasiƙar wata uwa daga Bauchi, ta ce idan famfon da ke kawo ruwan madatsar Gubi ya ɗauke, sukan ɗebo na kududdufi ko da kore ne, su tafasa. Ya wadatar?

Malam: Hajiya, bai wadatar ba. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma wasu daga cikin sayanobakteriya suna fitar da guba mai suna maikurosistin wadda ke lalata hanta, kuma wuta ba ta karya ta. A watan Agusta na 2014 an hana mutanen birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda wannan guba daga tafkin Erie, an kuma gargaɗe su kada su tafasa. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ɗora alhakin a kan gubar irin waɗannan halittu. Don haka makiyaya ma su kawar da shanu daga gefen da iska ta tara kumfar kore.

Mai gabatarwa: Hajiya, a sake ji: ruwa mai kumfar kore ba na sha ba ne ko an tafasa, a nemi rijiya ko burtsatse. Saura minti ɗaya. Wani mai kiwon kifi, wanda ya manta bai rubuta garinsu ba, kuma a gaba a riƙa rubutawa, yana tambaya yadda zai gane koren tafkinsa ya yi yawa.

Malam: Ya tsoma hannunsa zuwa gwiwar hannu. Idan tafin hannun ya ɓace masa tun kafin ruwa ya kai gwiwar, ya dakatar da zuba taki, ya rage abinci, ya saki ruwa kaɗan ya ƙara sabo.

Mai gabatarwa: Mun gode Malam. Mai tambaya a kan kachalar da ke toshe magudanan noman rani, wasiƙarka tana hannuna, da ita za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.