Rumbun Fayil a Cikin Gida: Laccar da Aka Yi wa Matasan Nima

An gabatar da ita bayan La'asar a wata makarantar Islamiyya da ke Nima, Accra, aka rubuto daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu, 'yan'uwa, sannunku da zuwa.

An yi biki a gida, Hajiya tana ɗakinta tana son ganin bidiyon, ɗanta yana zaure, sai ya tura mata ta WhatsApp. Bidiyon nan ya bar Nima, ya bi ta kwamfutocin kamfani, sannan ya dawo gidan da ya fito. Shi ya ƙona data, ita ta ƙona data, ga shi an matse shi har fuskar amarya ta dushe. Ranar kuwa da aka fizge wayar a Circle, hotunan suna da karatun tafsirin da aka naɗa duk sun tafi. Wannan asarar ce take ci mini rai, domin maganinta yana cikin gidajenmu.

Ku nemo tsohuwar laftof ɗin nan da aka jefa ƙarƙashin gado, ita za mu mayar rumbun da kowa a gida zai riƙa ajiye fayil yana ɗauka ta wayarsa. Na fi son laftof saboda dumso: in ECG ta ɗauke wuta, batirinta zai riƙe ta, ba za ta mutu tana tsakiyar rubuta fayil ba. A saka mata Ubuntu, wato tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kyauta ne, a jona ta da rauta, na'urar da ke ba da Wi-Fi, ta kebul. Duk abin da ke yawo tsakanin wayarka da ita a kan Wi-Fi na gida ba ya taɓa datar MTN ko Telecel. Ko data ta ƙare, aiki na tafiya.

Sai adireshi. Rauta ce ke raba wa na'urori lamba, kuma tana iya sauyawa in an kashe an kunna. Jiya laftof tana 192.168.1.50, yau ka neme ta ka rasa. Ka shiga saitin rauta, wajen DHCP, inda ake raba lambobin, ka keɓe mata lamba ɗaya ta dindindin. Ka kuma hana ta barci in an rufe murfi. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su ce abu ya lalace, alhali murfi kawai wani yaro ya rufe.

Yanzu ku ba ni hankalinku. Za ku ga ana cewa a saka FTP, wato wata hanyar tura fayil tsakanin na'urori. Wannan hanya tun 1971 Abhay Bhushan ya rubuta ƙa'idarta a MIT, lokacin da masu hawa layin kusan duk sun san juna. Tana aika sunanka da kalmar sirrinka a fili ta ƙofa ta 21 (ƙofa ita ce lambar mashigar da kwamfuta ke ware wa kowane irin aiki), kamar ka tsaya tsakar gidan haya ka faɗi inda ka ɓoye makulli. Mu kuwa nan gida ɗaya, iyalai da yawa, Wi-Fi ɗaya. Ku yi amfani da SFTP, wadda ke bi ta ƙofa ta 22 tana rufe komai. Umarni ɗaya ne za ku rubuta a Terminal, wajen rubuta umarni na Ubuntu: sudo apt install openssh-server. A kwamfuta ku buɗe FileZilla, manhajar tura fayil, ku sa adireshin, suna, kalmar sirri da 22. A Android akwai manhajojin fayil da ke karɓar SFTP. Kowa da asusunsa, kada takardun filin Baba su haɗu da wasannin yara.

Na'am, ƙanena? Yana tambaya ko in ya je Kumasi zai iya shiga. Kada ka buɗe ƙofar nan ga intanet tukuna. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai gwada kalmomin sirri a ƙofa ta 22. Ga shi layukan waya galibi adireshi ɗaya suke haɗa mutane da yawa a kai, ko ka buɗe ba lallai ta yi ba. In ka ƙware, WireGuard ko Tailscale, manhajojin da ke haɗa ka da gida ta rufaffiyar hanya, su ne mafita, sai mu ware musu zama na daban.

Faifan ajiyar kwamfuta (hard disk) ɗaya kuma ba ajiya ba ne, yana mutuwa ba sallama. Ku sayi na biyu, ku kwafe duk wata, ku kai gidan yaya ko gwaggo a Madina ko Mamobi. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ya san abin da ruwa ke yi a garin nan. Laftof ɗin a ɗora ta a sama inda iska ke shiga, a riƙa kaɗe mata ƙura lokacin hunturu.

Ga ladan ya miƙe. Asabar mai zuwa duk mai tsohuwar laftof ya zo da ita da cajarta, mu saka tare.