Me ke gudu a cikin wayar lantarki idan aka kawo wuta?

Jama'a, muhawarar nan ta kai teburin mai shayi a Agege. Wani ya ce wutar da ke kunna fankarka ƙwayoyi ne da ke tasowa daga tashar Egbin ta Ikorodu, su iso ɗakinka kamar ƙiftawar ido, fanka ta cinye su. Zancen da daɗi, amma ba haka ba ne.

Ga waya, an fere ta. Jan ƙarfen nan cike yake da ƙwayoyin da ake kira ilektiron, waɗanda J.J. Thomson ya gano a 1897. Suna ciki tun wayar tana kanti. Ko an ɗauke wuta kwana uku, ba inda suka je.

To, a nan ake ɓata, mu tsaya.

Dubi kujerar danfo ta cika maƙil. Kwandasta ya cusa mutum ɗaya ta ƙofa, nan take na jikin taga ya ji matsi. Wanda ya shigo bai isa taga ba, turin ne ya isa. Haka waya take. Turin yana tafiya kusa da saurin haske, shi ya sa kana taɓa makunni ƙwai ya kama. Su kuwa ƙwayoyin, dodon koɗi ma ya fi su sauri. A waya mai kaurin milimita 1.5 murabba'i, ɗauke da amfiya 1 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), tafiyarsu kusan santimita 18 ce a awa guda. Taƙi ɗaya da kyar.

Wannan ma lissafin batir ne, mai turi gefe ɗaya. Wutar gidajenmu, mai bolt 230 (ma'aunin ƙarfin turin), gaba da baya take yi, zagaye 50 a daƙiƙa. Kowace ƙwaya karkarwa kawai take a wurinta, ko kusa da kaurin gashi ba ta matsawa.

Yanzu kalli taransifomar unguwa. A ciki naɗin waya biyu ne a kan ƙarfe ɗaya, kuma ba sa taɓa juna. Bolt 11,000 ta nan, na gidaje ta can. Ƙwaya ko ɗaya ba ta ƙetarewa. Me ke ƙetarewa? Maganaɗisu.

A 1820 Oersted, mutumin Denmak, ya ga allurar kamfas ta karkata kusa da waya mai wuta: ƙwayoyi in suna motsi, maganaɗisu na kewaye wayar. A 1831 Faraday na Ingila ya nuna akasinsa, cewa maganaɗisun da ke sauyawa yana tura ƙwayoyin da ke cikin waya. Shi ke nan sirrin, daga injinan Egbin guda shida har zuwa ɗan janaretan da ke hana maƙwabta barci.

Ga cikinsa. Maganaɗisu na juyawa sau 3,000 a minti a tsakiyar naɗin waya. Fetur ɗinka juyin nan yake saya. Saboda haka idan inji na kuka amma ba wuta, kar a ce "wutarsa ta ƙare". A duba kafasita, ko burushi da AVR (na'urar daidaita bolt) a manyan janareta. In kuma ya daɗe a ajiye, mai yiwuwa ɗan ragowar maganaɗisun da yake tashi da shi ne ya gushe, sai mai gyara ya farfaɗo da shi da batir. Don Allah kar ka gwada da kanka, aikin masu sana'a ne.

Mita fa? Aikin da turin ya yi take ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa guda. Dutsen guga mai wat 1,000, awa ɗaya, yunit ya tafi. Ƙwayoyin kuwa, ga su nan a wayarka, ko ɗaya bai ragu ba.