Anglesite: dutsen da nauyinsa ke tona asirinsa

Akwai wani ɗan dutse mai ruwan ɗorawa. A ido kamar guntun kwalba, amma da zarar ya hau tafin hannu sai ka ji ya danne ka. Sunansa anglesite, an raɗa masa shi a 1832 saboda tsibirin Anglesey na Birtaniya inda aka fara gano shi.

Asalinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Dutsen tozalin nan da ake niƙawa a yi kwalli, shi ne idan ya daɗe yana shan iska da ruwa a saman ramin ma'adini yake rikiɗa ya zama anglesite. Dalma ce a cikinsa, shi ya sa nauyinsa ya ninka na ruwa fiye da sau 6, alhali kwalba ba ta wuce biyu da rabi ba. To, gwajin farko ke nan.

Na biyu taushi. A ma'aunin Mohs na taurin duwatsu yana tsakanin 2.5 da 3, lu'ulu'u (daimon) kuwa 10. Allura ma tana karce shi. Sai dai don Allah kada ka karce fuskar dutsen, ka zubar da kuɗinka da hannunka. Yana walƙiya da tartsatsin launuka kamar lu'ulu'u, amma ba ya zobe, ba ya sarƙa. Na ajiya ne kawai.

Kuɗinsa fa? Masu tara duwatsu suna duba tsabtar ciki, da kaurin launi, da ko gefunansa sun tsira daga ɓallewa. Sannan takardar da ta nuna inda aka haƙo shi. Na Touissit a Maroko da na Tsumeb a Namibiya su ne ake rububi, kuma duka ramukan biyu an rufe su, sabo ba ya fitowa.

A yi hattara da mai ruwan goro. A shekarun 1980 wasu 'yan kasuwa a Maroko sun riƙa tsoma farare da masu ɗorawa cikin ruwan bilic, su fito ruwan goro mai ja-ja, a sayar da tsada. Launin a fata kawai yake, inda ya ɓalle za ka ga cikin fari ko ɗorawa.

Kada a niƙa shi, kada a lasa, a wanke hannu bayan an taɓa. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai bar shi kusa da yara ba.