Yaron da fitsari ya ƙi fita, da likitan da bai manta da shi ba

(An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wani likitan tiyatar yara ya gabatar wa ɗaliban likitanci da ma'aikatan jinya. An rage maimaici kaɗan.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. 'Yan'uwa ma'aikatan jinya, da ku ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa. Na baya ku matso, akwai wuri ta nan hagu.

An ce in yi magana kan likita ɗaya da ya haɗa bincike da jinya a fannin ƙoda da mafitsarar yara. Na zaɓi wani Bature ɗan Ingila, David Innes Williams. Amma da wani yaro zan fara.

Shekarar 1948 ce. Williams bai daɗe da dawowa daga Indiya ba, inda ya yi aikin likitan soja. Ya sami aiki a asibitin St Peter's da ke Landan, wanda ba abin da ake yi a cikinsa sai cutar mafitsara da tsakuwa. Gidan gwanaye ne. Sai aka kawo wani yaro, fitsari ya ƙi fita. Manyan wurin, waɗanda suka goge a kan mafitsarar dattawa, suka rasa ta inda za su ɓullo wa lamarin. Williams ya duba littattafai, ya tarar abin da aka rubuta a kan yara bai taka kara ya karya ba.

Ku lura, da yawanmu da nan maganar ta ƙare. A sallami yaro, ko Allah ya karɓi abinsa, gobe a shiga wata sabgar. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai.

An haife shi a 1919. Mahaifinsa ma likitan tiyata ne, ɗan na gada ne ke nan. Ya yi karatu a Kambirij da asibitin University College, ya zama likita a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Bayan lamarin yaron nan ya haɗa kai da manyan likitoci biyu, Twistington Higgins da Ellison Nash, suka fitar da littafi kan cututtukan hanyar fitsarin yara a 1951. A 1952 asibitin yara na Great Ormond Street ya ɗauke shi don wannan fanni. Yana ɗan shekara 33. Ya zauna a wurin har 1978.

To me ya yi a shekara ashirin da shidan nan? Bari in ɗauki cuta ɗaya in warware muku, don kuna ganinta a nan, ko kun gane ta ko ba ku gane ba.

Akwai jariri namiji da ake haifa da wata 'yar fata siririya a cikin hanyar fitsari, can kusa da bakin mafitsara. Kamar labule take. In ka tura roba daga waje sai ta wuce salin alin, amma in fitsari ya taho daga ciki sai labulen ya cika kamar tanti, ya tare hanya. Yaro ya yi ta yunƙuri, fitsari na ɗiga. Mafitsara ta yi ta dambe har bangonta ya yi kauri. Daga nan fitsari ya koma sama, bututun da ke saukowa daga ƙoda su buɗe, ƙodar kanta ta kumbura, namanta ya yi ta sirancewa. Kuma ɓarnar tun yaro na cikin mahaifiyarsa take farawa. Wani likitan Amurka, Hugh Hampton Young, ya bayyana ire-iren wannan fata a 1919, shekarar da aka haifi Williams. Sanin sunan cuta daban, sanin yadda za a yi da jariri ɗan kwana goma daban. Williams ya tara irin waɗannan yara a asibiti ɗaya, ya yi musu aiki, ya bi sawunsu, ya rubuta abin da ya gani. A 1965 shi da Herbert Eckstein suka wallafa bincikensu a kai.

A ganina nan ne ƙarfinsa yake. Cutar da likita ɗaya zai gani sau biyu a rayuwarsa, ba zai taɓa fahimtarta ba. Sai an tara, an rubuta, an jira shekaru an ga yaron da aka yi wa aiki yana jariri yaya ƙodarsa take ranar da ya balaga. Yau muna shiga da 'yar na'urar hange mu yanke fatar cikin mintuna, amma mun san aikin bai ƙare a nan ba, don wasu cikinsu ƙodar kan gaza bayan shekaru. Bin sawu ne ya koya mana haka.

Ya kuma raini mutane. A 1963 ya kafa ƙungiyar likitocin wannan fanni, likitoci daga ƙasashe da dama suka riƙa zuwa wurinsa koyo. Zan ambaci biyu.

Na farko Philip Ransley, wanda ya gaje shi. Tun 1960 wasu likitoci biyu, Hodson da Edwards, sun nuna cewa akwai alaƙa tsakanin komawar fitsari sama daga mafitsara da tabon da ake gani a ƙoda. Amma me ke kawo tabon? A ƙarshen shekarun 1970 Ransley da Anthony Risdon suka yi gwaji a kan 'ya'yan alade, saboda ƙodarsu ta yi kama da ta ɗan Adam. Suka nuna cewa in fitsarin da ke komawa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, nan da nan tabo ke kama ƙoda. Ƙannena, ku riƙe wannan. A wurinmu duk zazzaɓin jariri sunansa maleriya. A ba shi magani, zazzaɓi ya dawo, a sake ba shi. Ba wanda ya ce a auna fitsari. Gwajin da bai fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba.

Na biyu John Duckett, Ba'amurke, wanda ya koma asibitin yara na Filadelfiya. Shi ya shahara a gyaran yaron da aka haifa ƙofar fitsarinsa ba a kan gabansa take ba, tana ƙasa. Kusan ɗaya cikin maza 200 zuwa 300 haka ake haifar su. A 1980 Duckett ya bayyana yadda ake ɗaukar fatar cikin loɓa, tare da jijiyoyin jininta, a naɗe ta a yi sabuwar hanyar fitsari. Loɓa fa, wadda ake yarwa ranar kaciya.

Wannan ta shafe mu kai tsaye. Akwai wani uba da ya taɓa kawo mini ɗansa ɗan shekara bakwai. Yaron ba ya yarda ya yi fitsari inda sa'o'insa za su gan shi. Na duba, an riga an yi kaciya. Na ce, Baba, da aka zo kaciya ba a ga komai ba? Ya ce, Likita, an gani, amma an ce kaciyar ce za ta gyara. Mun yi masa aiki, alhamdu lillahi, sai dai aikin da zai yiwu a yi sau ɗaya sai da muka shiga sau biyu, har muka ɗebo fata daga cikin bakinsa. Ban ga laifin uban ba, ba wanda ya gaya masa. Don haka ina roƙon ungozoma da masu jinya, duk namijin da aka haifa a hannunku ku duba inda ƙofar take. In ba daidai take ba, ku ce wa iyaye a dakata da kaciya sai likita ya gani. In kuna da hanyar isar da saƙon ga wanzaman garinku, ku isar cikin mutunci, don su ke ganin yaran da mu ba ma gani.

A 1978 Williams ya ajiye wuƙar tiyata, ya koma shugabantar hukumar da ke kula da karatun ƙwarewa na likitoci a Jami'ar Landan. An ba shi sarautar Sir a 1985. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.

Ranka ya daɗe shugaban zama, na ga ka duba agogo, saura magana ɗaya. Ɗalibai, gobe in kun shiga ɗakin yara, duk uwar da ke riƙe da jariri namiji ku tambaye ta: Mama, in yana fitsari tsartuwa yake yi, ko ɗiga yake? Yana yunƙuri? Ku rubuta amsar a kati, da sunan unguwarsu da lambar wayar da za a same su. Ranar Alhamis ku kawo mini katunan mu duba tare.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Malama, ke ta can baya, bismillah.